Ranar da Na Ja Baba Shekarau zuwa Ruwan Ɓuya

Ina kasuwar Kuyello ina sauke wa jakuna kanwa, wani Bafillace da ke kiwo wajen Dogon Dawa ya dafa ni ya ce, "Sai haƙuri, Audu. Baba Shekarau maharbi ya cika jiya da hantsi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan mangala na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

A wurinmu fatake, dajin Birnin Gwari wuri ne da ake ratsawa da sauri ana addu'a. Shi kuwa gidansa ne. Idan ayari ya sauka a zango, sai ya zo da baka a kafaɗa ya ce, "Kun ratsa dajin nan sau goma, ba ku taɓa ganinsa ba. Wa ke da ƙafa?" Yawanci dariya ake yi masa. Ni dai son gani ya ja ni, na bi shi.

Shi ya nuna mini kukar da mutum bakwai ke zama a cikinta. Shi ya kai ni kufan da mutanen dā suka narka tama, tukwanensu na ƙasa suna tsaye har yau kamar ƙananan rumbuna. Amma abin alfaharinsa Ruwan Ɓuya ne, wata ƙorama da ke fitowa daga tsagar dutse, ta ɗan yi tafiya a fili, ta sake nutsewa cikin ƙasa. Ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa.

Dokarsa ɗaya ce: shi zai kai ka, kai za ka dawo da shi. In an gama kallo sai ya koma bayanka ya yi gum. Sau uku ina ɓatar da mu, yana biye da ni yana tsintar kanya yana sha abinsa. Haushi ya ishe ni na ce, "Haba Baba, ai ka san hanya." Ya ce, "Na sani mana. Kai ne ba ka sani ba, ɗan Zazzau."

Bara idanunsa suka tafi. Da na je gaishe shi na tarar ya rame, kuma ba ciwo ne ya ramar da shi ba. Waɗanda ya koya wa hanya, wasu sun rasu, wasu sun yi nisa, 'ya'yansa kuwa noma ya ɗauke musu hankali. Ya ce, "Tsorona ɗaya, Audu, kada ruwan nan ya ɓace tare da idanuna." Na ce gobe da safe za mu je. Na faɗa ne ba ni da tabbacin zan gane hanya, don shekara shida rabona da wurin.

Na ɗora shi a kan jaki. 'Ya'yansa maza biyu, magidanta, da wasu makiyaya suka biyo mu. A mararrabar farko na tsaya ina waige-waige. Ya ji jakin ya tsaya, amma na san ko ƙasar Nufe zan kai mu ba zai tanka ba. Na yi bisimilla na bi gangaren da ke da itatuwan ƙirya, na tsallake wani busasshen rafi, na karkata hagu. Rana ta take tsaka, ruwan gorunanmu ya ƙare, 'ya'yansa suka fara hararata. Wallahi na riga na fara shirya kalmar ban haƙuri a bakina.

Sai tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Ku yi shiru." Muka ji ƙarar ruwa a bayan dutse.

Da kansa ya sauko, ya lallaba ya tsugunna, ya sha, ya yi alwala. Yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya sa kowa ya faɗi sunansa, yana ƙirgawa da yatsu. Da aka gama ya ce, "Alhamdu lillahi. Mutum tara, kowa da idonsa biyu. Yanzu ko yau aka kira ni, ba ni da sauran kaya."

Allah ya jiƙan Baba Shekarau, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba matarsa Inna Kande da 'ya'yansa haƙurin rashi, ya albarkaci bayansa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.