Katakon Baba da Alkukin Kaka

Shekaru sun shuɗe, na zauna a ɗakuna da yawa, amma ranar da na sa aka yanka katakon Baba ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina ajin ƙarshe na lise, wato sakandare, a Gure. Bayan rasuwar kakata, mahaifiyar Baba, sai aka ba ni ɗakinta. Ɗakin ƙasa ne mai sanyi, a bangonsa na gabas akwai wani babban alkuki, wato gurbin da ta ƙwaƙule da hannunta tana jera ƙore da fitila. Littattafaina kuwa a cikin kwali suke a ƙasa. Wata safiya na ɗaga kwalin na tarar gara ta cinye gindinsa, ta shiga kaye biyu, wato littattafan rubutu, da nake rubuta waƙoƙina, ta mayar da rabinsu gari. Ga damina ta kusa, ga jarrabawa a gabana. Na zauna na yi kuka mai isata.

Baba ya leƙo ya ga ɓarnar. Da ya dawo daga lambunsa na kwari, sai ya hau rumfa ya sauko da wani dogon katako ja, wanda ya daɗe yana adanawa don ƙofar lambun. Duk wanda ya san garinmu ya san katako mai kyau daga nesa yake zuwa. Sunan mahaifiyarsa nake ɗauke da shi, don haka uwata yake kirana. Ya ce, "Uwata, ga shi, a yi miki kanta uku a alkukin. Amma shi ke nan gare ni, babu wani."

Na ɗauko abin awo na lakkol, wato makaranta, na auna bakin alkukin daga ƙasa, na rubuta santimita a takarda da kyakkyawan rubutu. Kafintan unguwarmu dattijo ne, abokin Baba. Ya tambaye ni ko bangon siminti ne ko na ƙasa, da na ce na ƙasa, sai ya ce in bari ya zo ya gani da idonsa bayan la'asar. Na ce masa ba sai ya wahala ba, ai na iya lissafi. Yau in na tuna yadda na faɗi wannan maganar, kunya takan rufe ni. Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce, "To, 'yata, zarto dai ba ya mayar da abin da ya ci." Ya yanka uku daidai wa daida.

Da na kawo su gida, na farko ya zauna a ƙasan alkukin daram. Na biyu na ɗaga shi zuwa tsakiya, na sake shi, sai ya faɗo a kan yatsun ƙafata. Na uku ma haka. Sai a lokacin na ja da baya na dubi alkukin da kyau. Ashe ba a miƙe yake ba kamar zanen da muke yi a allo. Cikinsa ya buɗe kamar na tulu, domin hannun mutum ne ya yi shi, kuma kaka ta faɗaɗa tsakiyar ne don manyan ƙorenta. Kowanne cikin katakan biyu ya gaza da kamar yatsu uku. Na tsaya riƙe da su ina tunanin da wane baki zan faɗa wa Baba.

A haka Inna ta same ni. Mahaifiyata ba ta taɓa shiga aji ba, kuma ina jin a ɓoye na ɗan raina mata hakan, Allah ya yafe mini. Ta shafa bangon da tafin hannunta daga sama har ƙasa, ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Malama, duk karatun nan ba a koya muku taɓa abu kafin ku auna shi ba?" Daga nan ta ɗaure zanenta, ta sa na ɗebo jar ƙasa da ƙaiƙayin hatsi da toka, muka kwaɓa da ƙafa. Ta ce tun da katako ba zai zo wurin bango ba, bango ne zai zo wurinsa. Ta kafa guntayen duwatsu a gefe da gefe, ta yi ta ɗora laka kaɗan-kaɗan har ta fitar da ƙananan kafaɗu huɗu. Ba ta yarda a ɗora komai ba sai da suka kwana uku suna bushewa. Kafin nan ta sa na shafe katakan da baƙin mai saboda gara.

A rana ta huɗu muka ɗora su, suka zauna kamar da su aka gina ɗakin. Baba ya shigo, ya danna kowanne da hannu, idonsa ya daɗe a kan kafaɗun lakar. Na tabbata ya gane duk abin da ya faru. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, sai ya riga ni ya ce, "Uwata, miƙo littattafan in taya ki jerawa." Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da maganar ba. Ƙofar lambunsa da zana ya ci gaba da rufe ta.

Daminar ta zo da ƙarfi, ruwa ya shigo ɗakin har idon sawu, amma ko shafi ɗaya bai jiƙe ba.

Abin da na koya shi ne, ilimin da nake taƙama da shi a kan na wasu yake zaune, mutanen da ba su taɓa neman in gode musu ba. Tun daga lokacin, in wanda ya girme ni a wani aiki ya ce in bari ya zo ya gani, nakan shimfiɗa masa tabarma in jira.