Goggon Huluna da Watan Kame Hannu

Idan rana ta haura katangar gidan hayar, haskenta ya sauka a bakin ƙofar ɗaki na uku, a nan za ka same ta zaune kan 'yar kujerarta, ƙafafu a miƙe, kwandon zare a damanta, kwarashi a hannu. A cinyarta kullum akwai lemo guda ɗaya. Baƙo kan ɗauka na sha ne. Ma'auni ne. Idan ta saƙa hula sai ta ɗora wa lemon, in ta zauna daram to ta yi, domin kan jaririn da aka haifa bakwaini bai fi haka ba.

Saƙar kayan jarirai ce sana'arta, safa da riga da zanen rufa, da su ta ci da kanta ta kuma raini ɗanta bayan rasuwar mijinta. Amma abin da ya ba ta suna a unguwa, har kowa ke kiranta Goggon Huluna, aiki ne da ba a taɓa biyanta ba. Shekara goma sha tara ke nan, duk ƙarshen wata takan ɗaure ƙananan huluna a ɗankwali ta kai sashen da ake sa bakwaini a kwalba a asibitin da ke bayan tasha. Babbar nas ɗin sashen, wadda kowa ke ce wa Sista, ta ce kan bakwaini shi ne ƙofar da sanyi ke shiga, kuma hular kasuwa duk ta yi musu yawa, sai ta zamo ta rufe hanci. Ta ce ta daina ƙirga yaran da suka fita da hular Goggo a kai tun da suka wuce dubu. Tsofaffin unguwa sun san Goggo ta taɓa haihuwar bakwaini kafin ɗanta, bai kwana uku ba. Ita dai ba ta taɓa ɗauko zancen ba.

Aibinta ɗaya kowa ya sani: ba ta iya wuce shagon zare. Ko cefane ta fita, sai ta dawo da dunƙule ɗaya a ƙarƙashin mayafi kamar wadda ta sato. Shi ya sa ranar da ta kira ɗanta, mai aikin walda, ta ce ya juya bayan kalanda ya rubuta mata abu uku, sai da ya ajiye biro don dariya.

"Rubuta," in ji ta. "Wata guda ba zan sayi zare ba, ko kamu ɗaya. Da abin da ke kwandon nan zan yi aiki."

"Inna, ke da zare? Kwana uku na ba ki. Rana ta huɗu mai shago zai zo dubiya."

"Rubuta dai, sarkin surutu. Na biyu, hula arba'in. Na uku kuma... mayafi ɗaya. Shuɗi. Nawa."

A nan dariyarsa ta tsaya, don ya tuna bai taɓa ganin uwarsa sanye da abin da ta saƙa ba. Shekara talatin da ɗoriya tana rufe 'ya'yan mutane, ko safa ba ta yi wa kanta ba.

Maƙwabta suka sa wa watan suna watan kame hannu, suka riƙa tsokanarta wai Goggo ta shiga makarantar marowata. Ba wanda ya san dalili. Dalilin kuwa ya faro ne tun bara, ranar da ta miƙa hannu a shago ta ɗauko abin da ta yi zaton shuɗi ne.

"Goggo, jariri da baƙar hula?" in ji mai shagon zare. "Ko ɗan sanda aka haifa?"

"Gwada ka nake, ɗan nema, in ga ko kana kallon abin da kake sayarwa."

Suka yi dariya tare. Da ta fito ba ta gaya wa kowa ba. Ita kaɗai ta je wurin likitan ido, ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, magani zai ja lokaci, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Launi ne ya fara yi mata sallama. Shuɗi da baƙi suka zama ɗaya, ruwan hoda da fari suka zama ɗaya. Tun da sauran gani, sai ta bi zarenta ɗaya bayan ɗaya tana ƙulla alama a bakin kowane dunƙule: ƙulli ɗaya fari, biyu shuɗi, uku ruwan hoda, huɗu rawaya, baƙi ba ƙulli. Haka ta riƙa karanta launi da yatsa, ba wanda ya gane. Amma sabon zare ba shi da ƙulli. Kafin ta saya sai ta tambayi launinsa, tambayar kuma daidai take da faɗa wa duniya cewa Goggon Huluna ta daina gani. Da likita ya ce mata a zuwanta na ƙarshe idon dama, wanda ya fi gani, shi ma ya kama hanya, sai ta yanke shawara: za ta ƙarar da zaren da ta sani, ta kai huluna ninkin abin da ta saba, ta saƙa wa kanta abu ɗaya, duk kafin hasken ya ɗauke.

Ke ce, Goggo, wadda ta ɓoye duhunta a ƙarƙashin raha, kika bari ana kiranki marowaciya don kada a kira ki abar tausayi.

Makonni biyu na farko aiki ya tafi. Da safe huluna, da la'asar mayafi. Na sha ganinta daga tagarmu tana laluben kwandon, yatsunta su tsaya a bakin zare, leɓenta ya motsa tana ƙirga. Mayafin ya fara sauka daga gwiwarta, shuɗi mai laushi, daga zare mafi kyau da ta mallaka, wanda ta yi shekara shida tana ajiya. Wani lokaci takan yafa rabin a kafaɗa ta shafa, sai ta yi maza ta cire kafin wani ya fito tsakar gida. A gefen kwandon akwai wata leda cike da guntayen zare masu laushi, ragowar ayyukan shekaru. Ta lissafa za su ba ta hula bakwai idan ta haɗa su.

Ranar sha bakwai ga watan ta tafi karɓar maganin ido, ta ce wa mutan gida gaisuwa za ta. Surukarta, matar ɗan nata, yarinya ce mai tsafta da son kyautatawa. Ta share ɗakin Goggo, ta wanke labule, sannan ta ga kwandon nan a hargitse. Da Goggo ta dawo, sai ta tare ta da murna.

"Inna, zo ki ga abin da na yi miki! Na sake naɗe su duka. Waɗannan ƙulle-ƙullen da suka cukurkuɗe bakin zaren duk na datse su da almakashi. Tarkacen ledar nan ma na zubar, har mai kwasar shara ya tafi da su."

Goggo ta zauna. Ta sa hannu cikin kwandon. Dunƙule bayan dunƙule, sumul, ba ƙulli ko ɗaya. Daga baya ta ce ji ta yi kamar ta shiga gidansu ta tarar da 'yan uwanta duka zaune amma ba mai magana, ta rasa wane ne wane.

"Ya yi kyau, 'yar nan," ta ce. "Allah Ya yi miki albarka."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Washegari ta fito da kujerarta kamar kullum, ta ɗauki dunƙulen da zuciyarta ta ce shuɗi ne, ta ci gaba da mayafin. Kwana uku tana yi. A rana ta huɗu surukar tana shanya ta waiwayo.

"Kai, Inna, sabon salo ne? Baƙi a tsakiyar shuɗi, ga kuma toka-toka a gefe. Ko 'yan mata za ki ƙwace wa kasuwa?"

Kwarashin ya tsaya. Goggo ta ɗaga mayafin kusa da fuskarta, ta nisanta shi, ta sake matso da shi. Surukar ta dubi idon, ta dubi kwandon, rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa.

"Inna... ƙullin nan..."

"Idona ne, 'yar nan. Da su nake gani."

Yarinyar ta durƙusa tana kuka, tana cewa ta cuce ta, ta ce yanzu-yanzu za ta je shago ta sayo shuɗi da fari da duk abin da ya ɓata.

"Ba za ki je ba. Wata bai cika ba."

"Inna, ai ba ke za ki saya ba, ni ce!"

"Wayo za mu yi wa kalanda? Na faɗa da bakina, da abin da ke kwandon nan. Komai ana ƙwace min shi ba shawara, ki bar min maganata. Share hawayenki ki zauna ki faɗa min launinsu."

Haka suka wuni, yarinyar na cewa fari, Goggo na ƙulla ɗaya, tana cewa rawaya, Goggo na ƙulla huɗu. Da ɗanta ya dawo daga aiki ya ji labari, sai ya tsaya gaban kalandar nan ya daɗe yana karanta abin da ya rubuta. Kafin magariba gidan haya duka ya sani. Abin da ta yi shekara tana ɓoyewa ya tonu a wuni ɗaya, kuma abin da take tsoro shi ya faru: masu tsokanarta suka daina, suka koma yi mata sannu da muryar da ake yi wa majinyaci.

Ƙulli ya dawo, amma guntayen ba su dawo ba. Ranar ashirin da shida ta gama hula ta talatin da uku, zare mai laushi ya ƙare. Abin da ya rage a kwandon mai kaushi ne, na jaka da shimfiɗar tebur, wanda zai goge fatar bakwaini. Laushi ɗaya ya rage a ɗakin, yana naɗe a kan gadonta, saura kamu biyu a gama shi.

Surukar ta ce a kai talatin da uku, ai ba wanda zai ƙirga. Ɗanta ya ce wallahi Sista ba za ta ce komai ba. Da hantsi Goggo ta fito da mayafin, ta yafa shi sau ɗaya a gaban kowa, ta gyara shi a kafaɗa.

"Ya yi min kyau?"

"Ya yi miki kyau, Inna."

"To shi ke nan, na sa."

Ta nemo bakin zaren ta ja. Wanda ya san saƙar kwarashi ya san yadda take warwarewa, aikin mako uku ba ya ɗaukar sa'a guda. Surukar ce ta riƙe tana naɗewa, tana ware baƙin gefe, hawaye na ɗiga kan hannunta. Hula bakwai suka fito daga ciki, shuɗɗa, kowace ta zauna daram a kan lemo.

Ranar talatin ta kai arba'in cif. Sista ta gaya min da ta kwance ɗankwalin ta yi murna, ta ce wannan karon an yi musu ninki. Goggo ta ce su yi tattalinsu. Sista ta tambayi dalili, sai ta ga yadda Goggo ke laluben bakin tebur kafin ta tashi, ba ta sake tambaya ba. Sista ta ce min arba'in ɗin ba za su wuce wata biyu ba, kuma ba ta san wanda zai kawo na gaba ba. A shekara goma sha tara mata da yawa sun ce za su zo koyo. Biyu sun zo, ɗaya ta yi kwana huɗu, ɗayar ta ce gwanjo ya fi sauƙi. Surukar tana gwadawa, amma ga goyo ga aikin gida, har yanzu hularta tana fin lemo girma.

A hanyar dawowa mai shagon zare ya hango ta ya fito da fara'a.

"Goggo, wata ya cika! Na ajiye miki sabon kaya!"

"Ya cika, ɗan nan. Allah Ya sa mu ma mu cika da kyau."

Ta wuce ba ta shiga ba.

Har yau tana fitowa bakin ƙofa idan rana ta haura katanga, sai dai yanzu ɗumin take bi, ba hasken ba. Kalandar na rataye a ɗakinta, ɗanta ya ja layi a kan na ɗaya da na biyu, na ukun yana nan yadda aka rubuta shi.

Goggo, ke ce inuwar da ba ta tambayi sunan mai hutawa ba. Ke ce kika rufe kawunan da ba za su taɓa sanin fuskarki ba, waɗansu yanzu suna wuce ki a titi da gemunsu. Mun gode. Mun gode da hula dubu da ɗoriya, mun gode da bakwai ɗin ƙarshe, mun kuma ji kunyar cewa sai da idonki ya tafi namu ya buɗe. Allah Ya saka miki da hasken da ba ya dushewa.

Ku kuma da kuke karantawa, musamman mu masu ido biyu da yatsu goma da muke cewa ba mu da lokaci: hannunta bai manta komai ba, tana iya koyarwa ta hanyar ɗora yatsunta a kan naku. Ba ta son sannu, ta ƙoshi da ita. Kujera ce take so a jawo kusa da tata. Wadda za ta je ta tafi da kwarashi da lemo ɗaya. In kuma za ta riƙe mata zare, kada ta tsaya yi mata bayanin launi, ta ƙulla ƙulli biyu a bakinsa ta sa mata a hannu. Za ta san shuɗi ne.