Mintunan da Don Eleuterio Ke Kashe Inji

Ranar wata Talata ce abin ya fara, ana ta ruwa tun asuba, kogi ya kai wuyan matakalar coci. A ranar na lura cewa Don Eleuterio Shupingahua yana kashe injin kwalekwale a Kwanar Kada, inda kogi ke lanƙwasawa.

Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa kwalekwalen cocinmu. Kafin gari ya waye ya kwashe ruwan da ya taru a ciki, ya ɗauki marasa lafiya zuwa asibitin gari, tafiyar awa huɗu, ya dawo da magani da gishiri da wasiƙu. Bai taɓa cewa ya gaji ba. Amma a hanyar dawowa, daidai wannan kwana, sai ya kashe inji, ya cire hula, ya sunkuyar da kai minti goma, ruwa na jan mu a hankali.

A kogin nan kowa ya san wanda ke kashe inji a kwana: mai jiran 'yan fasa-ƙwauri. Ni da ba na iya zama wuri ɗaya, na bi shi sau biyar ina leƙen gaɓa. Na ga hayaƙi a cikin daji. Na ji ana buga tukunya. Na kai wa dattawan coci labari.

Suka kira shi. Fasto ya ce, "Ɗan'uwa, me kake jira a Kwanar Kada?"

"Addu'a nake yi."

Wani dattijo ya ce, "Ga coci da rufin kwano sabo. Ko Allah ya koma zama da kadoji ne?"

Don Eleuterio ya ce, "A gidana jikoki tara. A coci ganga da lasifika. Ku nuna mini inda zan ji shiru."

Aka yi dariya, aka karɓe makullin inji daga hannunsa. Aka ba wani ɗan cocinmu, Wilmer, wanda ke cin tafiyar awa huɗu cikin uku. Don Eleuterio ya koma gonar rogonsa.

Kwana arba'in bayan haka Doña Zoila, ungozomarmu, ta shigo coci tana jan wata mata da hannu. Ta ce, "Faɗa musu." Matar daga bukkokin bayan Kwanar Kada take. Ta ce su mutanen can sun daɗe da sanin lokacin da inji ke yin shiru, a lokacin ne suke buga tukunya idan wani ba shi da lafiya, sai Don Eleuterio ya juyo. Maciji ya sari mijinta. Kwana biyu tana buga tukunya, kwalekwale na wucewa da ƙara.

Doña Zoila ta dube ni. "Kai mai kunne, tukunyar da ka ji ke nan. Sau nawa na ɗauko mai naƙuda tare da Don Eleuterio? Bai taɓa tsayawa da mara lafiya a ciki ba."

Don Eleuterio, kai ne mai kunnen kogi. Da aka mayar maka da makulli ba ka nemi a ba ka haƙuri ba, man inji kawai ka tambaya. Na taɓa ce maka ashe saboda su kake tsayawa, ka ce a'a, saboda Ubangiji ne, su kuma suka samu hanya.

Yanzu idanunka sun yi rauni, ka ajiye aiki a watan nan. Mun gode, Allah ya ba ka hutu. Duk wanda zai riƙe injin bayanka, don Allah ya koyi kashe shi.

A kwana arba'in ɗin da Wilmer ya riƙe kwalekwale mun yi asarar farfelar inji biyu, da akwatin magani ɗaya da ya faɗa ruwa, da ƙafar dama ta Don Abelino, mijin matar da ta buga tukunya, daga gwiwa zuwa ƙasa.