Ƙazantar da ke cikin rediyon Mma

Shekarun baya da yawa, ba a daɗe da samun 'yancin Gana ba, ƙanena ya kusa kwantar da mahaifiyarmu da kalma guda. Bai yi da gangan ba, Hausarsa ce ta gaza.

Lokacin muna unguwar Nima, a gidan haya mai ɗakuna a jere. Da safe ina sayar da wake da shinkafa a bakin titi, bayan la'asar in ɗauki allona in tafi ajin manya. Ga 'ya'yana sun tasa, ga ni ina fama da a-ba-ca-da, kuma duk wadda ta yi mini dariya a hanya sai na tsaya na ba ta amsa. Mahaifiyata, da muke kira Mma, daga ƙasar Katsina ta biyo babanmu fataucin goro tun tana amarya, ba ta kuma sake komawa ba. Babanmu ya rasu, yanar ido ta rufe mata gani. Abin da ke tashe ta daga tabarma kullum shi ne wata 'yar rediyo mai batir da ƙanen nawa ya kawo mata, irin sabbin nan da ake ce wa taransista. Tana kamo Kaduna. Mma ta kan kara ta a kunne ta ji karatun Alƙur'ani, ta ji Hausar gida, ta yi ta gyara wa masu labarai magana kamar suna jin ta. Mu kuwa cewa take Hausarmu ta Zongo, wato unguwannin baƙi a Gana, ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba.

Shi ƙanen nawa yana jami'a, yana karanta kimiyyar lantarki. Da ya zo hutu, wata rana muna cin tuwo, Mma ta tambaye shi yadda aka yi abu kamar sabulun wanki yake ɗauko murya daga Kaduna. Ya ji daɗi ƙwarai, don babu wanda ya taɓa tambayarsa abin da yake karantawa. Ya ce a ciki akwai wani ɗan ma'adini da bai kai ƙwayar gero ba, sunansa jamaniyam, shi ke duk aikin.

"Amma Mma, abin mamaki, in yana da tsarki ba ya aiki. Sai an sa masa ƙazanta."

Mma ta ajiye lomar da ke hannunta. "An sa masa me?"

"Ƙazanta. Kaɗan dai."

"A cikin abin da nake jin karatu da shi?"

"A cikin duk irinta, Mma. In babu ƙazantar ko tari ba za ta yi ba."

Ta laluba ta ɗauko rediyon da gefen zaninta, ta miƙo mini, ta ce in kai bayan gida in ajiye kusa da buta. Ta sa aka wanke tabarmarta, aka wanke kantar da rediyon ke zama. Sai ta shiga lissafin sallolin da ta yi da abin nan a gefen dardumarta, da ayoyin da suka bi ta cikin najasa kafin su iso kunnenta. Ƙanena ya yi ta "ba haka nake nufi ba", yana haɗawa da Turanci, yana ƙara ɓata lamarin. Da hutu ya ƙare ya koma makaranta ya bar ni da ita.

Daga nan Mma ta daina tashi. Kokon safe sai ya huce a gabanta. Maƙwabciyarmu, wata Bafrafra 'yar arewacin Gana, ta kan leƙo ta ce, "Mma, yau ba labarin Najeriya?" sai ta juya fuska bango. Ba ta kuka, ba ta faɗa. Ɗakin dai ya yi shiru, ita kuma tana ta ramewa a cikinsa.

Ni na fara gwada nawa ilimin. Na ce mata ai kamar kanwa ce a tukunyar wake, 'yar kaɗan ake jefawa ya nuna. Ta ce, "Ke da kika fara rubuta sunanki jiya? Kanwa ya ce ko ƙazanta?" Gaskiya kuwa ƙazanta ya ce.

Sai na rufe tukunyata, na hau mota, na je har makarantarsu. Na same shi a gaban abokansa, ban kuma rage murya ba.

"Wannan ƙazantar taka, daga masai ake ɗebo ta?"

"Haba Yaya."

"Daga mushe? Daga bakin kare?"

"Wani ma'adini ne daban. Shi ma tace shi ake yi fes kafin a sa."

"To uban wa ya ce ka kira shi ƙazanta?"

"Haka Turawa suke cewa. Duk abin da ba asalin wurin ba."

"Sa takalminka. Za ka je ka faɗa mata da Hausar mutane, ko da za mu wuni."

Da muka iso gida ya zauna a gaban Mma kamar mai laifi a gaban alƙali, ni ina bakin ƙofa. Na ce ya fara daga farko, kuma duk Turancin da ya fito zan mayar masa da shi. Ya ce a cikin kowane abu mai ƙarfi, ƙarfe ko gilashi ko dutse, akwai 'yan ƙwayoyin lantarki da ido ba ya gani, kuma tafiyarsu ita ce wutar lantarki. Ya ce ba sa shiri da juna, kowace tana ture 'yar'uwarta, biyu ba sa zama mazauni ɗaya. Saboda haka in suka taru da yawa sai su jeru sahu-sahu, kamar mata a filin Idi.

"In sahu ya cika maƙil, Mma, wa zai iya matsawa?"

"Ba kowa," in ji ta, fuskarta na bango.

"To haka gilashi yake. Sahu ya cika, sahun gaba kuwa fili ne fetal, amma tsakaninsu akwai rami mai faɗi, ya fi babban magudanar ruwan da ya raba mu da unguwar Maamobi. Ba mai iya tsallakawa, shi ya sa wuta ba ta bi ta gilashi. Jan ƙarfe kuma sahunsa rabi ne, kowa na yawo yadda ya so. Wannan na cikin rediyo yana tsakiya. Raminsa ƙarami ne, amma masu tsallake shi ba su da yawa."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai a kawo 'yan ƙwayoyi na wani ma'adinin a zaunar da su a tsakanin na gida. Kowanne yana zuwa da ƙwayar lantarki ɗaya da ba ta da wuri a sahun nan. Tunda ba ta da wuri, tana zaune ne dab da bakin sahun gaba, da an taɓa ta ta haye ta kama tafiya. Ita ke ɗaukar muryar."

Mma ta juyo. "Su waɗanda ake kawowa, daga wani wuri suke?"

"Daga wani wuri."

"Na gida sun zauna sun cika wuri ba sa motsi, su kuma su ke ta kai da kawo?"

"Haka ne."

"To baƙi ne mana, kai wawa. Zongo ne a ciki. Shekara nawa ana biya maka makaranta, ka rasa sunan da za ka ba baƙo sai ƙazanta?"

Ya buɗe baki, na harare shi, ya rufe. Ta ce in ɗauko mata rediyonta. Duk da haka sai da ta sa na goge jikin rediyon da tsumma mai ruwa, saboda zaman da ta yi a bayan gida. Ranar ta sha koko da ƙosai, ta kuma yi faɗa da mai karanta labarai.

Daga baya na yi nisa a karatu fiye da yadda kowa ya zata, har na kai ga buɗe irin littattafan ƙanena, na ga kalmar da idona. Bai yi ƙarya ba, haka suka rubuta. Abin da na ɗauka daga wannan lamari ɗaya ne. Ba na yarda a juya mini kalma sai an gaya mini abin da mai sunan yake yi da inda ya fito. Na kori malamai biyu na jikokina a kan haka, ban kuma yi nadama ba.

Mma ta rayu da rediyon nan har ƙarshenta. In batir ya yi sanyi, murya ta fara shaƙewa, ba ta cewa ta lalace. Sai ta ɗaga murya ta kira ni daga tsakar gida, ta ce in zo in sallami baƙin nan na cikinta, tun safe suke aiki ba wanda ya ba su komai.