Malam Ɗanmusa, Motarka Ba Ta Taɓa Tafiya Da Kujera Wofi Ba

Safiyar Talata, 13 ga Mayu, 2025, ina tsaye a ƙofar gidanmu a Anka da kwanon abincina, ina jiran motarka. Har bakwai ta wuce. Sai na hango Habsu ungozoma tana tahowa da ƙafa, babu jakar aiki a hannunta. Tun kafin ta yi magana na san ba lafiya ba. Ta ce bayan sallar asuba ka kwanta, ba ka tashi ba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ni mai shara ce a ƙaramin asibitin ƙauyen da kake ba da magani. Da can kowa babur yake hawa shi kaɗai. Kai ka hana mu. Ka ce ka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Bagega, ba za ka ƙara musu da hayaƙi ba. Kullum sai ka bi gida-gida ka kwashe mu, mu huɗu. In kujera ta rage, sai ka tsaya a bakin tasha ka ɗauki tsohuwa ko mai jego.

Jiran nan yana ɓata mini rai. Wata rana na ce kana sa mu makara. Ka yi dariya ka ce, "Tabawa, hanya guda, wuri guda, mi za mu yi da babur biyar?"

Da azumin bana ka roƙe ni in yi wa ƙanin mijina, Auwalu, magana. Malamin makaranta ne, hanyarmu ɗaya, kuma shi kaɗai yake tafiya a motarsa. Ka so ku riƙa karɓa-karɓa, don ranar da ba ka da lafiya kada mu watse. Sau uku kana tuna mini, ina cewa gobe. Nauyin baki ne kawai, Malam. Ban san kana jin ciwo a ƙirji ba.

Yanzu mun watse. Habsu ta fara zancen barin aiki, don bayanta ba ya jure babur.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa Inna mahaifiyarka, da matarka Iyatu, da 'yarka Raihana da ƙannenta ta'aziyya. Allah Ya ba ku haƙuri.

Yau kwana tara da rasuwarka, har yanzu ban je wurin Auwalu ba.