Ranar da Na Fige Shinge

Ko da zan manta da duk cinikin da na taɓa yi, ba na jin zan manta da safiyar da na tsaya a bakin gulbi, can ƙasar Kebbe, da ƙugiya a hannu.

Lokacin ban daɗe da fara dillancin kifi a Tambuwal ba. Akwai wani tsohon masunci mai jirage uku da na so ya riƙa sayar mini da kamunsa na damina, ga wani dillali daga Jega shi ma yana nema. Tsohon ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗana, ba ni ba da kifina ga wanda bai san ruwa ba. In ruwan fari ya sauka ka taho. Ka kama guda da hannunka kafin rana ta take tsaka, in ba ka. In ka kasa, na Jega ya ɗauka."

Ruwa ya sauka wata Laraba da la'asar, shinge, garar nan mai fukafukai, ya fito ko'ina. Na ji an ce babu abin ɗana ƙugiya kamarsa a farkon damina, don haka na cika kwano. Ni da uwargida muka zauna muka fige fukafukansa tas, yadda muka saba in za a soya. Ko tunani ban yi ba. Hannu ne ya yi abin da ya sani.

Da sassafe na hau babur. Ina isa na tarar gulbi ya kawo sabon ruwa jajir, kifin nan kawara sai tsalle take tana cafke shingen da ke faɗawa a kan ruwa. Na ɗana, na jefa. Shiru. Na yi jifa ya fi ashirin, kifi na wasa a gabana, ko ɗaya bai taɓa ba.

Tsohon ya leƙa kwanona. "Wa ya fige su?"

"Ni ne, Baba."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai za ka ci ko kifi? A kawo maka mai da gishiri? Yau kifi sama shika kallo. Abin da ya nutse ba nashi ba ne."

Hantsi ya yi, shingen bakin gaɓa duk ya zubar da fukafukai. Na Jega, da shi ma ya zo kallo, na zaune a inuwa yana murmushi. Ina cikin waige-waige sai na hango gashin zabo a gindin wata sabara. Na zaɓi ƙarami mai laushi, na zare zare daga bakin rigata, na ɗaure shi a bayan shingen, na cire dalmar da ke nutsar da igiya. Na jefa ta saman ruwa, na bar shi yana tafiya da kansa.

A jifa na uku ruwa ya fashe, gorar ƙugiyata ta lanƙwashe! Ban san sa'ad da na shiga ruwa har gwiwa ina ihu ba. Kawara ce, da kaɗan ta fi tafin hannuna, amma na ɗaga ta kamar giwan ruwa.

Tsohon ya juya ƙugiyar a hannunsa. "Gashin zabo! Kai ɗan kasuwa ne, har kifi ka yi wa wayo." Ya miƙo mini hannu muka tafa, na Jega ya tada babur ɗinsa.

Tun ranar nan na gane ba yadda kake son kaya za ka kai su kasuwa ba. Ka fara duba inda mai saye yake kallo.