Igiyar Illa da Kogon Jemage

Aikin nan ya ci mini baya da gwiwa, ba zan ɓoye ba. Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar wana Illa, har yau in na tuna hawan dutsen bayan garinmu, wajen Ibohamane, sai gwiwata ta amsa.

Gidanmu ke tsaron kogon jemage tun kakanninmu ba su fara salla ba. Illa ya bar yanka da tsafi, ya riƙe doka guda: ba a shiga da wuta. Hayaƙi na korar jemage, kashin jemage kuwa shi ne takin albasarmu. Ranar da babu lakwal, wato makarantar boko, sai ya kwashi yara zuwa kogon, kowa da igiya a ƙugu, shi a gaba da tocila, ni a waje riƙe da ƙarshen igiya, rana na gasa ni. In na yi ƙorafi ya ce, "Kai dai riƙe, ƙane. Abin da yaro bai sani ba, in ya girma shi yake fasawa."

Bana maganarsa ta fito. Masu aikin tare ruwa sunka zo da kamyo, babbar motar kaya, neman duwatsu, shef ɗinsu, wato shugabansu, ya nuna bakin kogon ya ce a fasa. Ba mugu ba ne, dutse yake so kusa da hanya. Mu manya munka yi shiru, don da hatsi ake biyan aikin, yunwa kuma ba ta daɗe da sakinmu ba.

Yaran da Illa ke kaiwa kogon ne sunka tashi, yanzu masu gemu da masu goyo. Hadiza, wadda a da take kuka tun daga bakin ramin, ita ta miƙa wa shef igiya, ta kira shi yallaɓai da Faransanci: "Mushe, ɗaura. Gani da idonka, sannan ka fasa." Ya ciro ashana zai haska, sunka ce "A'a!" baki ɗaya. Ya karɓi tocila ya shiga. Ya fito taki har ƙwauri, yana dariya, ya ce kamyo ya zagaya can gaba.

Da Illa na nan, na san ba murna zai yi ba. Cewa zai yi an yi hayaniya, an tada jemage. Bai bar babbar gona ba, bai bar garke ba. Amma abin da anka shuka shi ke tsira. Allah ya jiƙansa.

Washegari na sauko da igiyar Illa daga rumbu, na tsaya ƙofar lakwal har yara sunka fito. Na ce, "Mai ashana ya aje ta nan."